Jadawalin shirye-shirye ya ɓace a risiba: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Sana'ata ɗaura dish ce da saita risiba a nan Kaduna, daga Tudun Wada zuwa Rigasa, Kawo, Unguwar Rimi har Barnawa babu inda tsanina bai leƙa ba. Cikin kiran da ake yi min akwai wanda yake ban dariya kuma yake ban tausayi, mutum zai kira hankali a tashe yace Malam risibata ta mutu, in tambaye shi hoto baya fita ne, yace a'a hoto na nan tas, sauti ma lafiya lau, kawai dai in ya danna maɓallin EPG ko GUIDE, wato na jadawalin shirye-shirye, sai yaga fili fayau babu sunan shiri ko ɗaya. Toh wannan ba mutuwa bace. Yawanci ko sukurudireba ba a ɗauka wajen gyaranta, shi yasa na tattara tambayoyin nan wuri ɗaya don mutum ya gwada da kansa kafin ya biya kuɗin mashin ɗina.

Wai shi jadawalin nan daga ina yake zuwa ne? Ba a cikin risiba yake ba?

A'a, risiba bata san komai ba, abin da aka aiko mata shi take nunawa. Kowace firikwensi da kake kamawa daga tauraron ɗan adam kamar motar haya ce, ta ɗauko tashoshi da yawa a ciki, hoto da sauti, sannan a gefe akwai wasu ƙananan bayanai da suke biyo su, sunan tasha, ƙarfe nawa yanzu, da kuma jerin shirye-shirye. Shi wannan jerin masana suna ce masa EIT, kuma iri biyu ne. Akwai gajere mai faɗa maka abin da ake yi yanzu da wanda zai biyo baya, shi ne kake gani a ƙasan allo in ka canza tasha ko ka danna INFO. Akwai kuma dogo na kwanaki masu zuwa, wani har kusan mako guda. Gajeren ana maimaita aiko shi akai-akai shi yasa yake fitowa nan take, dogon kuwa a hankali yake taruwa, sai ka ɗan yi haƙuri.

In ka riƙe wannan kaɗai rabin tambayoyin da ke ƙasa ka amsa su da kanka.

Hoto garau, amma an rubuta min No Information ko babu komai. Dish ɗina ne ya goce?

In risibar kyauta ce, wato mai kama tashoshin da ba a biyan kuɗin wata, irin su Strong da ƴan uwanta, kuma hoton tashar baya kakkaryewa, to bar dish ɗinka ya huta. Jadawali da hoto hanya ɗaya suke biyowa, in ɗaya ya iso lafiya ɗayan ma da an aiko shi da ya iso. Maganar gaskiya ita ce tashoshin kyauta da yawa basa aiko jadawali sam, musamman ƙananan tashoshi da na wa'azi da muke kallo a gidajenmu, don sai an ajiye mutum yana shigar da bayanan kullum, ga kuɗin na'ura, su kuwa da kyar suke biyan kuɗin hayar tauraron ma. Wasu kuma sunan tashar kawai suke maimaitawa daga safe har dare, ka buɗe jadawali kaga suna ɗaya ya jeru kamar layin mai.

Gwajin mai sauƙi ne. Koma kan wata babbar tashar labarai ta ƙasashen waje, ka tsaya a kanta minti biyu ko uku, ka danna EPG. In nata ya fito to risibarka lafiyarta ƙalau, waccan tashar ce bata aikowa, kuma babu mai gyaran da zai iya sa ta aiko, ko daga Legas aka ɗauko shi. Duk wanda yace maka kawo kuɗi in buɗe maka jadawalin tashar da bata aiko jadawali, rufe aljihunka.

Jiya da daddare komai na nan, yau da aka dawo da wuta ya ɓace. Wutar ce ta ƙona wani abu?

Bata ƙona komai ba. Yawancin ƙananan risibobi a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke ajiye jadawali, wadda da an ɗauke wuta take shafewa, ba kamar jerin tashoshi ba da yake zaune daram. Mu kuwa a garin nan kowa ya san yadda wuta take, a kawo a ɗauke, a tada janareta, a kashe janareta a koma layi, kowane juyi ɗaya risiba ta fara tara jadawali daga farko kenan.

Abin yi shi ne ka kunna ta ka barta a kan tasha ɗaya na ɗan lokaci. Sannan ka sani risiba mai makamar siginal (tuner) ɗaya firikwensi ɗaya take saurara a lokaci guda, wato in kana kan wata tasha to jadawalin tashoshin da suke mota ɗaya da ita ne yake shigowa, sauran sai ka leƙa su. Shi yasa zaka ga jadawalin da gibi-gibi kamar haƙoran yaro ɗan shekara bakwai, nan akwai can babu. Bi tashoshin da ka damu da su ɗaya bayan ɗaya, ka ɗan tsaya a kowacce, zaka ga yana cikowa.

Masu dikodar kamfani irin DStv da StarTimes, in da hali da daddare ku kashe da rimot kawai ku barta a jone, kar a zare daga soket, da safe yawanci zaku tarar ya cika. Na san wasu iyayenmu basa yarda a kwana da komai a jone saboda tsoron wuta mai ƙarfi, kuma ban ga laifinsu ba don na sha ganin abin da take yi, in haka ne a samu sitabilaiza ko a haƙura da ƴan mintocin jira da safe.

Jadawalin na fitowa amma lokacin duk a karkace, ko kuma kwanan watan ya koma wata shekara can baya

Yauwa, nan ne gizo ke saƙar. A ganina wannan ita ce matsalar da tafi kowacce yawa kuma ita aka fi rainawa. Jadawali gaba ɗayansa a kan agogo yake tafiya, tasha tana aiko lokutan shirye-shiryenta da agogon GMT, ita kuma risiba sai ta ƙara awannin ƙasarku ta nuna maka. Najeriya GMT+1 muke, rani da damina, bama matsar da agogo gaba ko baya. In risibarka tana kan +3 na Saudiyya ko tana kan sifiri, komai zai goce. In kuma kwanan watan ne ya ɓata gaba ɗaya, risiba tana ganin yau wata rana ce a shekarar da aka ƙera ta, to zata duba jadawalin da aka aiko taga bai dace da yau ɗinta ba, sai ta nuna maka fili.

Bari in baku labari. Wani mai gidan kallon ƙwallo a Rigasa ya kira ni wata Asabar a farkon watan Nuwamba ransa a ɓace, ya rubuta a allon ƙofa da alli cewa wasa ƙarfe 3, samari sun biya sun zauna kan benci, zafi ga fanka ɗaya, ƙarfe 3 tayi babu wasa sai ƴan sharhi suna ta surutu, har an fara cewa a dawo mana da kuɗinmu. Shi ya saba wasan Ingila na ranar Asabar ƙarfe 3 ne, kuma da ya duba ƙaramar risibarsa itama 3 ta nuna masa. Abin da bai lura ba shi ne Ingila suna mayar da agogonsu baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, su dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Maris, saboda haka a tsakanin nan ƙarfe 3 ɗinsu ƙarfe 4 ne a Kaduna. Da risibar tana kan +1 da ta faɗa masa gaskiya, amma wani yaronsa ya taɓa setin ya mayar da ita sifiri. Kuskure biyu suka haɗu suka gaskata juna. Gyaran bai kai minti ɗaya ba, shan ruwan leda da ya bani ma ya fi shi daɗewa.

Ga yadda ake yi: shiga menu, nemi wajen setin lokaci, sa GMT a kunne ko a kan Auto, wajen awanni ka zaɓi +1 ko Lagos in akwai sunayen birane, sannan wanda aka rubuta Summer Time ka kashe shi, ba namu bane. Ka fita ka tsaya a kan babbar tasha kaga ko agogon ya yi daidai da na wayarka.

Wani abu kuma, yawancin risibobin nan basu da batirin agogo a ciki, daga tashar da suke kai suke ɗaukar lokaci. Akwai firikwensin da agogonsu a karkace yake, in risiba ta tashi a kan irin wannan sai ta ɗauki ƙaryar ta riƙe. In ka lura kullum agogo na ɓaci bayan ka kalli wata tasha, to kar ka riƙa kashe risiba a kanta, ka koma wata tukuna. Masu sa risiba ta ɗaukar musu tafsiri ko sallar Tarawihi daga Makka a filashi lokacin azumi, ku kuka fi kowa buƙatar wannan, Saudiyya na gabanmu da awa 2, kuma in agogo ya goce zaka dawo daga masallaci ka tarar talla ta ɗaukar maka.

A tashoshin Larabawa rubutun jadawalin wasu alamomi ne marasa kan gado

Masu manyan dish da suke kama Nilesat a digiri 7 yamma ko Arabsat a digiri 26 gabas sun san wannan. Bayanin da Larabci aka aiko shi, risibarka kuma ko bata da haruffan ko ba a saita ta ta karanta su ba, sai ta zubo maka akwatuna da alamar tambaya. Duba setin harshe, wasu risibobin suna da wajen zaɓen harshen jadawali daban da na menu, sa na farko Larabci na biyu Turanci ko akasin haka. In babu Larabci a jerin to haka zaka haƙura, lokacin dai zai fito daidai ko da sunan shirin bai karantu ba.

An loda min tashoshi ta filashi a kasuwa, tun daga nan jadawalin wasu ya daina fitowa

Wannan yana faruwa sosai. Kowace tasha tana da lambar shaida a cikin firikwensinta, kuma jadawali da wannan lambar yake gane mai shi, ba da sunan da kake gani a allo ba. Jerin tashoshin da ake kwafowa daga wata risiba wani lokaci tsoho ne, tashar ta canza wuri ko an canza mata lamba, ko kuma wani ya shigar da ita da hannu, hoto zai iya fitowa amma jadawali yazo ya rasa gidan da zai shiga. Maganin shi ne ka goge tashar, ka sake sacin wannan firikwensin kaɗai, wato binciken tashoshinta, risiba ta ɗauko ta sabuwa da lambarta ta yanzu. In tashoshin da yawa ne kayi Blind Scan, wato risiba ta binciko tashoshin tauraron gaba ɗaya da kanta, amma ka sani jerinka zai hargitse, Arewa24 da Hajiya ta saba samu a lamba 1 zata iya komawa lamba ɗari da wani abu, kuma kai zaka sha tambaya. Kafin ka fara ka adana tsohon jerin a filashi in risibar tana da wannan damar.

Toh yaushe ne laifin dish ko waya ne?

In hoto yana kakkaryewa, yana tsayawa, sauti na ƙyat-ƙyat, to jadawali ma a guntu-guntu zai riƙa isowa ko ya ƙi isowa. A menu akwai sanduna biyu, ɗaya ƙarfin siginal ɗaya ingancinsa, mutane suna ganin na farko ya cika sai su ce ai siginal ɗina ful ne. Na biyun shi ne magana. Na farko ko dish ɗin bango yake kallo zai iya nuna wani abu matuƙar LNB, wato ƴar na'urar da ke gaban dish tana karɓar siginal, na jone.

A Kaduna lokaci biyu ne nake shan kira. Farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, lokacin da iskar hadari take zuwa da ƙarfinta ta ture dish ɗin da ba a ɗaure da kyau ba, ɗan gocewar da ido baya gani ya isa. Sai kuma Agusta da ruwa yake zama, ya shiga kan wayar da aka murɗa a LNB ba a naɗe ba, ka kwance kaga jan ƙarfen ya koma kore. Shi ruwan sama mai ƙarfi dama yana tare siginal na ƙananan dish, wannan ba gyara yake so ba, in hadari ya wuce zai dawo da kansa. Bishiyar mangwaro ko darbejiya da ta girma ta tare gaban dish ma na gani ba sau ɗaya ba, shekara uku lafiya, ta huɗu ganye ya rufe.

Dikodar kamfani tana da ɗan bambanci a nan. Ita jadawalin tashoshinta gaba ɗaya take tarawa, saboda haka zai yiwu tashar da kake kallo tana fita amma wasu firikwensin sun raunana, sai kaga wasu tashoshi sun ɓace jadawali kuma ya ƙi cika. DStv a nan yankin daga tauraron Eutelsat na digiri 36 gabas take zuwa, shi yasa duk unguwar da ka shiga dish ɗinsu gabas suke kallo, in kaga E48 a allo to maganar siginal ce. A risibar kyauta kuma a duba setin LNB, na ƙaramin dish Universal ne, 9750 da 10600, in wani ya canza shi rabin tashoshi zasu tafi da jadawalinsu. Na babban dish mai C-band 5150 ne. Mai dish biyu ko uku a haɗe da DiSEqC, wato ƴar na'urar da ke haɗa su a waya ɗaya, ya tabbata kowane tauraro yana kan lambar ramin da aka jona shi.

Kuɗin wata na ya ƙare, shi ya sa?

Ba lallai ba. Ƙarewar kuɗi hoto take rufewa, a DStv zaka ga E16, amma sunayen shirye-shirye yawanci suna nan suna maka kwalele. In ka biya don jadawali ya dawo alhali agogo ne ko siginal, ka dai biya kuɗin kallo, matsalar tana nan.

Ni GOtv gareni

Ita ba ta tauraro bace, eriya ce take kamawa daga turken da ke ƙasa, haka ma StarTimes mai eriya. Amma maganar agogo, ɗauke wuta da jira duk ɗaya ne. Ɗaga eriyar sama, juya ta inda ingancin siginal ya fi, ka sake saci.

Jadawali yace fim, tasha kuma tana nuna wani abu daban

In agogonka daidai ne to wannan daga can ne. Wasa ya shiga ƙarin lokaci, ko an yanke shiri an saka taron kai tsaye, ko wanda yake shigar da bayanan bai sabunta ba. Rimot ɗinka bashi da maganin wannan.

Na danna EPG ko motsi bata yi

Kafin ka zargi risiba, buɗe kyamarar wayarka ka nuna mata kan rimot ka danna maɓallin, a yawancin wayoyi zaka ga ɗan haske yana ƙyaftawa. In sauran maɓallai suna haske wannan baya yi, datti ne ko ya cinye, rimot ɗin da yara suke ci da tuwo a hannu ai ba a tambaya. Rimot ɗin kasuwa mai aiki da risiba iri-iri kuma wani lokaci maɓallan basa dacewa, EPG ɗin yana wani wuri daban. In kuma risibar ce take daskarewa in an buɗe jadawali, taɓa ta kaji ko ta yi zafi, sauke ta daga kan talabijin ko cikin durowa, cire ƙyallen adon da aka lulluɓa mata, sannan a gwada wata adafta in mai adafta ce, adaftar da ta gaji tana sa risiba hauka iri-iri.

Abokina yace in yi Factory Reset ko in kai a yi mata fulashin

Dan Allah tsaya tukuna. Factory Reset, wato mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, a risibar kyauta zai iya share maka tashoshi, setin LNB da na DiSEqC gaba ɗaya, ka tashi daga matsalar jadawali ka koma babu hoto sam, daga nan dole ka kira irina. Fara da zare ta daga wuta na minti ɗaya ka mayar, sai agogo, sai gwajin babbar tasha, sai sake saci. In duk sun ƙi sannan a yi maganar reset, shima bayan ka ɗauki hoton kowane shafi na setin da wayarka.

Fulashin kuwa, wato sake mata manhaja, gaskiya ne akwai lokacin da tsohuwar manhaja ce take da matsala kuma sabuwa ta gyara. Amma risibobi da yawa a kasuwa suna ɗaya ne cikinsu daban, ga na asali ga na kwaikwayo, in aka loda mata wadda ba tata ba ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar lodawa, zata tsaya a kan jar fitila ko ta rubuta boot ta ƙi gaba. Na karɓi irinsu da yawa daga hannun masu cewa ai a YouTube na gani. In dole sai an yi, a yi a kan inbata ko janareta mai isasshen mai. Dikodar kamfani kuma ita da kanta take sabunta manhajarta ta tauraro, in kaga ta fara kar ka zare ta, kuma kar ka ba kowa ya buɗe ta a bakin titi.

In na gwada duk wannan bai yi ba, me zan faɗa wa mai gyara?

Kar kace masa kawai bata yi. Faɗa masa sunan risibar da lambarta da ke rubuce a ƙasa ko a baya, wane tauraro kake kai, duka tashoshi ne babu jadawali ko wasu, ƙarfe nawa agogonta yake nunawa yanzu, da kuma nawa sandar inganci take nunawa. Ka ɗauki hoton allon ka tura masa ta WhatsApp. Da wannan sau da yawa daga inda nake zaune nake cewa shiga nan danna can, in kuma naga sandar inganci tana rawa to na san hawa rufi ne, sai in taho da tsani da mitar auna siginal da sabon kan waya, kuma in ce maka ka tanadi wanda zai tsaya gaban talabijin yana ɗaga min murya ta taga in siginal ya cika.